Jagoran Hawan Dutse: Daga Kufena Zuwa Tsaunukan Ƙanƙara

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da aka ce aji zai fita yawon buɗe ido, dutse ake yawan zaɓa: Kufena a Zariya, duwatsun Kajuru, ko na Kagoro. Darasinmu na wannan mako a kan mutumin da aka fi rainawa ne a irin wannan tafiya, wato jagora.

Mu fara da lissafi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5. Kaduna tana kan tudun kusan mita 600 sama da teku. Ƙololuwar duwatsun Shere a Jos ta kai mita 1,829. Chappal Waddi na Jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, ya kai mita 2,419. Ke nan idan ana digiri 30 a kasuwar Narayi, a kansa kimanin 18 za a samu, tun kafin dare ya yi iska ta taso. Wanda ya je da riga ɗaya zai yaba wa aya zaƙinta. Shi ya sa mai shiga gandun dajin Gashaka Gumti, inda tsaunin yake, kan tafi da rakiyar ma'aikatan gandun. A Shere kuma akwai makarantar tsauni ta Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, ta 'yan Man O' War, inda ake koyar da hawa da igiya a gaban malami.

Kada wani ya ce ai namu duwatsun ƙanana ne. Da damina gansakuka kan lulluɓe falalen dutse, ya yi santsi kamar an zuba kuɓewa. Akwai ƙudan zuma a kogo, akwai maciji a tsaga, ga tsawa da ta fi faɗa wa wuri mai tudu. Sauka kuma ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta gaji kuma kowa na gaggawa. Ɗan garin da ya tashi a gindin dutsen ya san duk wannan, har da labarin tsaron hanya.

Inda aikin jagora ya zama babbar sana'a shi ne tsaunukan Alps na Turai. A 1820 dusar ƙanƙara ta zaftaro a kan tsaunin Mont Blanc, jagorori uku suka rasu. A 1821 mutanen garin Chamonix na Faransa suka kafa ƙungiyar jagorori, wadda ke aiki har yau. Cikin ayyukansu akwai raka masu zamiya a kan dusar ƙanƙara zuwa can cikin tsaunuka, nesa da filayen wasan da aka gyara. Mutum kan ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa. Lokacin hawa sai ya manna musu wani ƙyalle mai gashi a ƙasa, wanda ke zamewa gaba amma ya riƙe idan za a koma baya. In ya kai sama ya ɓare shi, ya sulalo. Shahararriyar hanyarsu daga Chamonix zuwa Zermatt ta ƙasar Suwizalan kan ci kusan mako guda.

Abin tsoron shi ne zaftarewa. Dusar ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya. Idan hawa mai nauyi ya zauna a kan mara ƙwari, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinka shi, musamman a gangaren da ya karkata digiri 30 zuwa 45. Wanda ta binne, in an tono shi cikin minti 15 galibi yana rayuwa. Bayan haka numfashi kan ƙare da sauri. Don haka kowa na ɗauke da na'urar gano wanda aka binne, da sandar tsokana, da shebur. Jagora kan haƙa rami ya duba hawa-hawan, ya sa a tsallaka wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa mafi wuya, a ganina, shi ne ya ce wa mutanen da suka biya kuɗi, suna hangen ƙololuwa, a koma gida. Wannan kalmar ce mu ma kan yi wa gunaguni idan malami ya ga hadari ya haɗo a Kufena.

A Afirka ma ana wannan zamiya a tsaunukan Atlas na Maroko. Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa, mai mita 5,895, doka ta hana hawansa sai da jagora mai lasisi.

Aikin mako: idan ana digiri 30 a Narayi, nawa za a samu a ƙololuwar Kilimanjaro? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren kulob kafin Juma'a.