Ɗalibin Jami'a da Ƙannensa na Firamare

Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake. Wanda ya hau mota daga Kabuga zai wuce ta bakin ƙofarsa kafin ya kai Rimin Gado, ya shiga ƙasar Kabo, ya zarce Gwarzo. Ta wannan hanya 'ya'yanmu na Garo da Gude da Durun da Getso da Kutama da Lakwaya suke dawowa gida hutu, wasu daga Bayero, wasu daga Wudil, wasu daga Zariya. To, idan sun dawo, me suke yi da lokacinsu? A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba. Wata takwas ke nan masu ilmi suna zaune a majalisa bakin titi, ga kuma ƙannensu a lungu ɗaya da su ba su iya haɗa baƙi ba.

Ba a ce ba a yin komai ba. Ƙungiyoyin ɗalibai sukan shirya lesin kyauta a lokacin dogon hutu, Allah Ya saka musu. Sai dai yawanci 'yan ajin ƙarshe na sakandare ake tarawa, masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Wannan yana da amfani, musamman da yake tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, yaron ƙauye kuwa sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar da zai fara taɓa ta. Amma a ganina an fara gini daga sama. Matsalar tana can ƙasa, aji uku da aji huɗu na firamare.

Dalili kuwa, ajin da yara suka yi wa malami yawa, ba shi da halin tsayawa kan kowa. Manhaja yake bi. Yaron da bai kama karatu a aji biyu ba, haka za a ciyar da shi gaba, yana kwafar allo ba tare da ya san abin da ya kwafa ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ba shi haƙƙin karatun shekara 9 kyauta, Jihar Kano ta ayyana ilmi kyauta kuma dole a 2019, a 2024 kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Duk da haka, doka ba ta zama kusa da yaro ta saurari karatunsa. Mutum ne ke yin wannan.

Yadda za a yi

Da farko a gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, ba tare da tsawa ba. A ba yaro takarda ya karanta da Hausa. Wani harafi kaɗai ya sani, wani yana haɗa gaɓa, wani yana karanta jimla amma in an tambaye shi abin da ta ce sai ya yi shiru. A raba su bisa wannan, kada a dubi aji ko shekaru. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta shahara da wannan hanya, kuma an jarraba ta a ƙasashen Afirka da dama. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce: a makarantar allo kowa inda allonsa ya tsaya yake biyawa, gardi kuma yana biya wa kolo.

Ɗalibi ɗaya kada ya ɗauki fiye da yara goma. Awa ɗaya ta isa. A fara da Hausa, domin yaron da ya iya karanta harshen da yake ji, Turanci zai zo masa da sauƙi. Sannan a kawo lissafi da tsakuwa ko ƙwayar masara. Bulala kuwa a bar ta a gida.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi rusa irin wannan aiki. Yaranmu ba zaune suke ba. Akwai Islamiyya, akwai talla, da damina ga gona. Wanda ya sa darasinsa a lokacin Islamiyya ya jawo wa kansa rigima da iyaye, kuma su ke da gaskiya. A zauna da malaman Islamiyyar a tsayar da lokaci. Yammacin Alhamis, da makarantun allo ke hutu, yakan dace. A nemi izinin hedimasta da kwamitin kula da makaranta, a sanar da mai unguwa ko dagaci. A yi karatun a fili, inda kowa ke gani. 'Yan mata kuma ɗalibai mata su koya musu, iyaye za su fi sakin jiki.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, ɗalibin sa-kai ba zai maye gurbin ƙwararren malami ba, kuma bai kamata ya raina shi ba. Amma Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da Hukumar Ilmin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, ba su yi nasara ba sai da masu ɗan ilmi na cikin gari suka yarda suka koyar da maƙwabtansu.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, kafin hutu ya ƙare ka rubuta sunan kowane yaro da inda ya tsaya, ka miƙa wa hedimasta ko wanda zai gaje ka. Ku kuma iyaye, ku saki yaran a kan lokaci, ku saya musu littafin rubutu da fensir.