Sa'adat Aliyu da Manhajar Kai Kuka

A tsakiyar shekarar 2020, 'yan sanda a Dutse suka kama maza 11 bisa zargin yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe. Labarin ya karaɗe ƙasar nan. Lokacin kullen korona ne, makarantu a garƙame, yara suna gida ko suna yawon talla. Sufeto Janar na 'yan sanda na wancan lokaci, Mohammed Adamu, ya ce daga Janairu zuwa Mayu kaɗai an kawo musu ƙarar fyaɗe 717.

Waɗanda suka kai gaban hukuma ke nan. Duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da aka fi yi: uwa ta sha kukanta a ɗaka, dattawa su ce a rufa asiri kada yarinya ta rasa mijin aure, shi ke nan magana ta mutu.

Wannan shirun ne ya dami wata matashiya a Kano mai suna Sa'adat Aliyu. Sana'arta ƙirƙirar manhaja. Manhaja ita ce ɗan tambarin nan da ake dannawa a fuskar waya, irin su WhatsApp da Facebook. Ba daga sama take faɗowa ba. Mutum ne yake zama gaban kwamfuta ya rubuta mata umarni layi-layi, ya gwada, ta ƙi, ya warware ya sake, kamar tela da rigar da ba ta zauna ba. Sa'adat ita ce ta kafa Shamrock Innovations, cibiyar koyar da fasahar zamani a Kano wadda ta fi ba mata da matasa muhimmanci.

A shekarar ta 2020 ta fito da manhajar Helpio, ta sa ta a Play Store, rumbun da masu wayar Android suke sauke manhajoji. Dabararta ba ta da wuyar ganewa. Wadda aka zalunta, ko wani nata, za ta rubuta abin da ya faru ba tare da sunanta ya fito ba, sai a haɗa ta da masu taimako, irin su likitoci da lauyoyi da masu ba da shawara. Ɓoye sunan nan shi ne ƙashin bayan aikin, domin tsoron tsegumin unguwa ya fi tsoron ɗan sanda hana mutane magana. Ta kuma yi manhajar da Hausa, ba Turanci kaɗai ba, abin da masu irin wannan sana'a da yawa suke mantawa.

Sai dai manhaja tana da iyakarta. Tana son babbar waya, tana son data, tana son wanda ya iya karatu. Matar da ke wani ƙauye a Kiyawa ko Jahun da 'yar ƙaramar waya mai tocila, wadda ita ma sai an kai ta caji kasuwa, ba lallai kukanta ya bi ta nan ba.

Ko da waya ko babu, asibiti ne matakin farko. Akwai cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Babban Asibitin Dutse, a Kano kuma akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. Ma'aikatan lafiya suna son a kawo yarinya da gaggawa, kafin ta yi wanka, a kuma zo da tufafin da ke jikinta ba a wanke ba, saboda shaida ce a kotu. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau kuwa dole a fara shan sa kafin awa 72 ta cika, wato kwana uku. Ta fannin doka kuma, a shekarar 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a ta Jihar Jigawa, wadda ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu fyaɗe.