Amsar Tambaya: Manhajata Ta Ƙi Karɓar Sauyi

Tambaya: Malam, ina haɗa manhajar Android ta cinikin citta tsakanin Kafanchan da Kachia. Na cusa tsarin biyan kuɗi na Paystack a kowane shafi, yanzu sauya shi ya gagare ni. Ina mafita? Mai karatu daga Kafanchan.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da kake nema shi ne difendensi injekshan, sunan da Martin Fowler ya yayata a 2004. Shafi ba ya ƙera kayan aikinsa da kansa, daga waje ake miƙa masa. Shafin biya ya ce "a ba ni mai karɓar kuɗi" kawai. Paystack ne ko Flutterwave, a wuri guda za ka yanke wannan hukunci.

Ribar da ta fi burge ni ita ce gwaji. Miƙa wa shafin mai karɓar kuɗi na bogi, ka gwada komai ko a gona inda sabis ya ɗauke, ba ka taɓa sisin kwabo ba.

Akwai kayan aikin da ke yi maka wannan miƙawa: Google na da Hilt, wanda aka ɗora kan Dagger. Masu Kotlin kuma na yabon Koin. Kada ka yi gaggawa. Fara miƙawa da hannunka, sai manhajar ta girma ka nemi Hilt.