Amsoshin Tambayoyinku: Waken da Tsutsa Ba Ta Ci

Wani mai sauraronmu daga Magamar Jibiya, manomi kuma ɗan kasuwar wake, yana tambaya: wai da gaske akwai irin waken da tsutsa ba ta ci?

To Malam, akwai shi, sunansa SAMPEA 20-T. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, su suka samar da shi, gwamnati ta amince da shi a 2019. An ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta da ke zaune a ƙasa, mai suna Bt, aka sa a jikin waken. Tsutsar maruka, wadda ke huda fure da kwanso, da ta ci sai cikinta ya lalace ta mutu. Shi ya sa feshin da akan yi sau 6 zuwa 8 ya koma kamar sau 2.

Amma fa tsutsar kaɗai yake kashewa. Darɓa na nan, haka ƙwaron rumbu, don haka buhun ajiya na PICS bai gama aiki ba.

Kuma Malam, a kasuwar kan iyaka wake kan cakuɗe, na Maraɗi da na gida. Ido ba ya bambance wannan iri, sai ka saya wurin dillalin iri mai rajista.