Aikatau a Bakin Aiki: Shirya Layin Mai Kafin a Tayar da Injin Jirgin Sama Haɗin Gida

Gabatarwa

Mu da muka koyi Hausa a aji, yawancin misalan da muke haddacewa na kasuwa ne da gona da makaranta. A wannan ɗan rubutu zan ɗauko wani aiki na kanikanci, wato yadda ake shirya layin mai na ƙaramin jirgin sama kafin a tayar da injinsa karon farko, don mu ga yadda giredin aikatau ke ɗaukar nauyin bayanin. A irin wannan aiki, sauya wasalin ƙarshe na aikatau yana iya sauya umurni gaba ɗaya.

Wane irin jirgi?

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirginsa da kansa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon yana sayar da sassan irin waɗannan jirage, mai saye ya harhaɗa a garejinsa. Abin bai yi mana nisa ba. Jirgin Air Beetle, wanda sojojin saman Nijeriya suka koyar da matuƙa da shi a shekarun 1990, daga samfurin RV-6A na wannan kamfani aka samo shi, kuma a Kaduna aka harhaɗa shi.

Tankunan man RV-6A suna cikin fukafukai, fukafukan kuma suna ƙasa da inji, don haka mai ba zai gangara da kansa ba, sai famfo ya jawo shi. Sabon layi kuwa iska ce cike da shi, tare da ɓurɓushin ƙarfe da ya rage lokacin aiki. Wanda ya taɓa ganin manomin rani yana ɗura wa injin ban-ruwa ruwa kafin ya fara zuƙowa ya san matsalar. Bambancin shi ne, in inji ya mutu a fadama, kabeji ne zai jira. In ya mutu a sama, babu gefen hanyar da za a tsaya.

Turanci yana kiran ayyuka biyu da kalma ɗaya, "prime". Ni na raba su. Na farko na kira shi "korar iska daga layin mai", na biyu kuma "ɗanɗana wa inji mai".

Matakan aikin

1. A fitar da jirgin waje, a tare ƙafafunsa, a ajiye abin kashe gobara kusa. A tabbata makunnin wutar fulogi a kashe yake, kada kowa ya taɓa farfela.

2. A zuba mai kaɗan a kowane tanki, a girgiza fukafukin, sannan a tsiyaye ta ƙasa cikin kwalba mai haske. Man 100LL shuɗi ne, lita ɗaya kuma nauyinta kimanin kilo 0.72, saboda haka in akwai ruwa zai kwanta a gindin kwalbar. A maimaita har sai man ya fito garau.

3. A kwance tiyon mai daga kafireta, a sa bakinsa cikin mazubi mai awo. A kunna famfon lantarki. Da farko man zai riƙa fitowa da kumfa. Kada a kashe famfon har sai kumfar ta ɗauke. A yi wa ɗaya tankin haka.

4. A auna gudun man. A ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa sama, da mai kaɗan a tanki. Ƙa'idar da ake bi ita ce, layin da ke aiki da famfo ya ba da kashi 125 cikin 100 na abin da inji ke sha lokacin tashi, wanda mai ke gangarowa da kansa kuma kashi 150. Mu ɗauka inji yana shan lita 60 a awa. Ke nan ana neman lita 75 a awa, wato lita ɗaya da kwata a minti guda.

5. A mayar da tiyon, a ɗaure, a sake kunna famfo, a bi kowace mahaɗa da ido da hanci. Shuɗin tabo alamar yoyo ce.

6. Sai a ɗanɗana wa inji mai, ɗan kaɗan, dab da tayarwa. In ya yi yawa inji zai ƙi tashi, man zai wanke baƙin man da ke jikin silinda, wanda ya taru kuma yana iya kama wuta.

Abin da nahawu ya nuna

Da farko, mai karatu zai lura kowane mataki ya fara da "a" ta umurni: a zuba, a auna, kada a kashe. Ba a ambaci mai aikin ba, domin umurnin na kowa ne. "Sannan" da "har sai" su ne ke riƙe da jerin, su faɗi abin da ya riga wani da lokacin tsayawa.

Na biyu, a duba giredin aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Saiwar "zub-" kaɗai ta ishe mu misali:

A zuba mai a tanki (giredi na 1): a sa shi ciki.
Mai ya zube (giredi na 4): ya tafi duka, an yi asara.
A zubar da gurɓataccen mai (giredi na 5): a rabu da shi.
Mai ya zubo (giredi na 6): ya taho inda mai magana yake.

Ɗalibin da ya rubuta "a zubar da mai" a inda ake nufin "a zuba mai" ya umurci bakanike ya bar tanki wayam. Haka "a tsiyaya" na nufin a ɗan ɗiba, "a tsiyaye" kuwa kada a bar ko ɗigo. "An ɗaure tiyo" labarin aikin da aka yi ne, amma "tiyo ya ɗauru" (giredi na 7) shaida ce cewa ɗaurin ya kama. Matuƙi wannan na biyun yake son ji.

Kammalawa

Sunayen kayan aiki, irin su tanki da fulogi da kafireta, aro ne, kuma kanikawa sun daɗe da daidaita su da bakin Bahaushe. Amma inda mai ya nufa, da ko aiki ya kammalu, aikatau na asali ne ke faɗa. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara su gwada rubuta matakan tayar da janareton ɗakin kwanansu a jimla shida, sannan su ja layi ƙarƙashin kowane aikatau su faɗi giredinsa.