Shinkafar Da Ta Gagari Ƙwaro

A ƙasashen Asiya shinkafa ita ce babban abinci, kamar yadda gero da dawa suke a ƙasar Hausa. To, a can akwai wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa mai tsalle, wanda bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Bakinsa kamar allura yake. Yakan sauka a gindin shinkafa, ya soka bakin nan, ya yi ta tsotson ruwan da ke ciyad da ita. Idan ƙwarin suka yi yawa, sai gona ta bushe ƙurmus, kamar an sa mata wuta. Wahalar shekara guda ta tafi a banza ke nan.

A shekarar 1960 aka kafa wani babban gidan binciken shinkafa a garin Los Banyos, cikin ƙasar Filifin. A 1966 masanan gidan suka fid da wani iri mai suna IR8, gajere, mai yawan albarka. Manoma suka yi murna ƙwarai. Amma ashe ƙwaron nan ma yana son sabon irin, ya kuwa yi ta yaɗuwa.

Sai masana suka tara irin shinkafa daga ƙasashe dabam dabam, suka shuka su layi layi cikin akwatuna. Da suka tsiro, aka sakar musu ƙwarin. Bayan 'yan kwanaki galibinsu suka mutu, amma wata shinkafar Indiya mai suna Mudgo ta tsaya kore shar.

Me ya tsare ta? Gado ne. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya sanya wa kowane mai rai waɗansu 'yan abubuwa cikin jikinsa, waɗanda ido ba ya gani, ana ce da su ƙwayoyin gado. Su ne ke sa ɗa ya yi kama da iyayensa. Shinkafa tana da su dubbai: wata ta tsawo ce, wata ta launi, wata ta ƙanshi. Masana suka gane cewa ƙwayar gado guda ɗaya tak ce ke kāre Mudgo, suka sa mata suna Bph1.

Ana iya kai ƙwayar gado daga wani iri zuwa wani. Akan ɗebi ƙurar furen wannan a zuba wa furen wancan, a shuka 'ya'yan, sa'an nan a zaɓi waɗanda suka gaji halin da ake nema. Ta haka aka sami irin IR26 a 1973, mai albarka, mai kuma ɗauke da Bph1.

Amma murna ba ta daɗe ba, gama ƙwari ma suna da nasu gado. Cikin dubban ƙwari akan sami 'yan kaɗan da sabon irin bai gagare su ba. Sauran suka ƙare, su kuwa suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaje su. Kafin shekara huɗu ta cika, IR26 ta faɗi. A 1976 aka fid da IR36, mai wata ƙwayar gado dabam, ita ce ta ceci manoma.

Har wa yau aka lura da wani abu. Maganin ƙwari da ake fesawa yana kashe gizo-gizo, wanda shi ne ke cinye ƙwaron. Saboda haka a 1986 gwamnatin Indunisiya ta hana fesa magani iri 57 a gonakin shinkafa.

A 2009 masanan Jami'ar Wuhan ta ƙasar Sin suka bayyana yadda wata ƙwayar gado mai suna Bph14 ke aiki. Asalinta daga shinkafar daji ne. Da zarar ƙwaro ya soka bakinsa, sai tsiron ya toshe hanyar ruwan da wani abu kamar danƙo. Ƙwaro ya tsotsa ya kāsa ƙoshi, sai ya rame.

Yanzu an san ƙwayoyin gado fiye da 30 masu tsare shinkafa daga wannan ƙwaro. Masana sukan haɗa biyu ko uku cikin iri guda, domin ƙofa mai kuba uku ta fi wuyar ɓallewa ga ɓarawo. Da yawa daga cikinsu an same su ne a tsofaffin iri na manoman ƙauye da shinkafar daji. Shi ya sa gidan binciken nan ya adana iri fiye da 100,000, har da shinkafar Afirka. Manomin da ya ajiye irin kakanninsa, dukiya ya ajiye.

TAMBAYOYI

1. Yaya ƙwaron nan yake kashe shinkafa?
2. Mene ne aikin ƙwayoyin gado?
3. Me ya sa IR26 ta faɗi?
4. Wane amfani gizo-gizo yake yi wa manomi?