Daidaita Sabon Katin Hoto a Babbar Manhajar Linux: Jagora ga Manazarcin Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin matakan daidaita sabon katin hoto a kwamfutar tebur mai amfani da Ubuntu, ɗaya daga cikin rassan Linux. Ta nuna cewa soka katin kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa shi da direban da ya dace, an kuma tantance aikinsa kafin a ɗora masa nauyin bincike.

1.0 Gabatarwa

Nazarin Hausa ya shiga fagen horar da kwamfuta ta gane magana da rubutu. Rumbun muryoyi na Common Voice na Mozilla ya ƙunshi Hausa, haka ma tarin bayanan MasakhaNER na ƙungiyar Masakhane. Irin wannan aiki yana buƙatar ɗimbin lissafi a lokaci guda, wanda katin hoto ya fi masarrafar tsakiya ƙwarewa a kai, saboda dubban ƙananan sassan lissafi da ke cikinsa. Manazarta da dama suna gudanar da aikin a kan Linux, buɗaɗɗiyar babbar manhaja wadda Linus Torvalds ya fara a 1991.

2.0 Ma'anar Kanel da Direba

Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja, mai kula da dukkan sassan na'ura. Direba kuwa manhaja ce da ke tafinta tsakanin kanel da wani sashe guda. Direban katunan AMD, wato amdgpu, yana cikin kanel tun 2015, don haka yawancinsu suna kama aiki kai tsaye, muddin kanel ɗin bai tsufa ba. Katunan NVIDIA suna da direbobi iri biyu: Nouveau, wanda masu sa kai suka gina, da kuma na kamfanin. Na kamfanin ne kaɗai ke tafiya da CUDA, kafar da akasarin manhajojin horarwa suka dogara da ita. A 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren direbansa da ke shiga kanel, kuma jerin RTX 50 na 2025 wannan buɗaɗɗen ɓangare yake buƙata.

3.0 Matakan Daidaitawa

3.1 Wutar Lantarki

Ramin PCIe da ake soka katin yana ba da wat 75 ne kawai. Manyan katuna suna neman ƙari ta waya mai baki 6, wadda ke ba da wat 75, ko mai baki 8, wadda ke ba da wat 150. Wajibi ne a duba ƙarfin akwatin wutar kwamfutar tun kafin saye. Bayan an soka katin, wayar allon kallo a jikinsa za a jona ta, ba a tsohuwar kafa ba.

3.2 Ɗora Direba

A tagar umarni, lspci zai nuna ko kwamfutar ta ga katin. Umarnin ubuntu-drivers devices zai jero direbobin da suka dace, sannan sudo ubuntu-drivers install ya ɗora wanda tsarin ya zaɓa. Bin wannan hanya ya fi ɗauko direba daga waje, domin tana sabunta shi tare da kanel.

3.3 Tsaron Kunnawa

Kwamfutocin zamani suna da tsarin Secure Boot, wanda ke hana kanel karɓar duk direban da ba shi da amintaccen sa hannu. Idan a kan kwamfutar aka harhaɗa direban, za a nemi kalmar sirri, sannan a kunnawa ta gaba wani shuɗin allo zai fito domin rajistar mabuɗin. Wanda ya tsallake wannan allo zai tarar an ɗora direban amma bai tashi ba.

4.0 Tantancewa

Nan ne babban haɗarin yake. Bayyanar hoto a allo ba hujja ba ce, domin Linux na iya zana shi da masarrafar tsakiya ta hanyar llvmpipe. Bugu da ƙari, ana rubuta manhajojin horarwa da yawa ta yadda in ba su ga kati ba za su koma kan masarrafar tsakiya ba tare da gargaɗi ba. Ta haka aikin sa'o'i yake zama na kwanaki, a kwashe lokacin bincike da kuɗin wuta a banza. Saboda haka sai a gudanar da nvidia-smi, wanda ke nuna sunan katin da lambar direba da yawan ma'adanar da ake amfani da ita. A PyTorch kuma, torch.cuda.is_available() ya kamata ya amsa da True.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi matakan daidaitawa daga wuta zuwa direba da tsaron kunnawa da tantancewa. Ya dace manazarci ya maimaita tantancewar duk lokacin da aka sabunta kanel, ya kuma rubuta sunan katin da lambar direba da ta CUDA a sashen hanyoyin bincikensa, domin wani ya iya maimaita gwajin ya auna ingancin sakamakon.